Fim ɗin aljanu da ƙaramin jari: a ɓoye abin, a yi masa kwalliya, ko a zana shi da kwamfuta?

Duk wanda ya rubuta labarin aljanu ko na mayu, ya harhaɗa ɗan jarinsa yana shirin fita lokeshan, akwai shawarar da dole ya yanke tun kafin ya yi hayar kyamara: ta wace hanya abin tsoron zai bayyana ga mai kallo? Hanyoyi huɗu aka fi bi. Ko dai a ɓoye shi a bar duhu da sauti su yi aiki, ko a yi wa ɗan wasa kwalliya ya zama shi ne dodon, ko a zana shi da kwamfuta bayan an gama ɗauka, ko kuma a shirya fim ɗin kamar wani ne ya ɗauka da wayarsa aka tsinci bidiyon. Ana iya gauraya su, amma dole ɗaya ta zama ginshiƙi, domin ita ce za ta nuna inda kuɗi zai tafi da irin ma'aikatan da za a nema.

Abin da ke kawo tsoro, da abin da za a auna

Mai kallo ba ya jin tsoro a daƙiƙar da dodo ya fito. Tsoron yana faruwa ne kafin nan, lokacin da ya san akwai wani abu a ɗakin amma bai san inda yake ba, bai kuma san yaushe zai motsa ba. Da zarar ido ya ƙare wa abin kallo, ya ga iyakar girmansa da yawan haƙoransa, hankali ya kwanta. Shi ya sa fina-finai da yawa suke da daɗi a rabin farko, sai su sace a rabin ƙarshe.

Abu na biyu shi ne ƙa'ida. Halittar da ke iya yin komai a kowane lokaci ba ta ba da tsoro, gajiyarwa take yi. A gajeren fim ɗin nan Lights Out da David Sandberg ya yi a Suwidin a 2013, wanda bai kai minti uku ba, ƙa'idar guda ce: idan an kashe fitila abin yana nan, idan an kunna babu shi, kuma duk kashewa sai ya ƙara matsowa. Mai kallo ya gane wannan a cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan shi da kansa yake ƙirga abin da zai biyo baya. Abu na uku kuwa, dole a damu da wanda abin zai cuta. Idan amaryar da aka kai kangon gidan ba a san ta ba, ba a ga tana kewar mahaifiyarta ba, to ihunta hayaniya ce kawai.

Da waɗannan a rai, ga ma'aunan da za a ɗora kowace hanya a kai: kuɗin da take ci, sauƙin yinta ga ƙaramar tawaga, ƙarkonta, wato ko za ta ci gaba da ba da tsoro bayan shekara biyar ko goma, haɗarin da ke cikinta ga ma'aikata da ga sunan fim ɗin, sai kuma yadda take fita a allon waya. Wannan na ƙarshe bai kamata a raina shi ba. Da yawa daga masu kallon fim ɗin Hausa a yau a YouTube suke kallo, a waya, sau da yawa sun rage ingancin hoton don lallaɓa data.

Hanya ta farko: a ɓoye abin, duhu da sauti su yi aiki

Wannan tsohuwar hanya ce, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar a zuba mata kaso mafi tsoka. Misalin da masu koyar da fim suka fi kawowa shi ne The Haunting na 1963, wanda Robert Wise ya ba da umarni. Babu inda aka nuna fatalwa a cikinsa. Bugun bango ake ji yana tahowa ta baranda, sai ƙyauren ɗaki ya riƙa kumburowa kamar ana danna shi daga waje. A 1999 aka sake yin fim ɗin da kuɗin da ya kai dala miliyan 80, aka cika shi da fatalwowin kwamfuta, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Na farkon har yau ana saka shi cikin jerin waɗanda suka fi ba da tsoro.

Kuɗinta ba a kayan aiki yake ba, a lokaci yake. Abin da ake buƙata shi ne makirfo mai kyau da sandarsa, na'urar naɗar sauti daban da kyamara, ƙananan fitilu biyu ko uku masu batir, da edita mai haƙuri. Sin ɗaya, wato fitowa ɗaya, na minti biyu yana iya cin dare guda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa duhu na nufin rashin haske. Idan aka ɗauki hoto a ɗakin da babu isasshen haske, kyamara tana cika shi da dusar ƙwayoyi masu rawa, YouTube kuma ya matse bidiyon, sai baƙin ya farfashe ya zama murabba'i-murabba'i. Mai kallo a waya ba zai ga komai ba sai fuskarsa a gilashi. Daidai shi ne a haska wurin fiye da yadda ake so ya fito, a rage a wajen tacewa. A bar wuri ɗaya mai haske a kowane hoto, kamar aci-bal-bal, ko tocila, ko hasken farin wata ta taga, don ido ya sami abin da zai gwada duhun da shi. A sa fitila ta baya ko ta gefe, kada a sa ta gaba, domin hasken gefe shi ke fito da zanen fuskar baƙar fata ya kuma bar rabinta a inuwa. Sannan wutar lantarkinmu 50 Hz take, don haka a ɗauka a kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawar kyamara 1/50. Idan aka saɓa wa haka, ƙwan fitila zai riƙa ƙyaftawa ana ganin layuka suna gangarowa.

Almuru lokaci ne da Bahaushe ya riga ya tsorata da shi tun yana yaro, ana kiran yara su shigo gida. Haskensa ma kyauta ne. Amma a ƙasarmu gajere ne, da kyar yake wuce minti ashirin da 'yan kai, saboda haka a gama gwaji tun la'asar, a tsara hoto biyu ko uku kacal a kowace rana. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana ba da abin da wasu ke sayen injin hayaƙi don su samu.

Sauti shi ne rabin aikin, ko ma fiye. A kai janareto nesa, bayan katanga, a ja doguwar waya. A kowane ɗaki a naɗi minti ɗaya na shirun wurin, kowa ya tsaya cak, domin da shi edita zai cike giɓi. Idan babu shi, duk inda aka yanka sai an ji. A jera sautin hawa uku: na wuri, kamar kukan gyare da iska a langa-langa, na motsi, kamar takun sawu da ƙarar guga a bakin rijiya, sai na abin da ba a gani. Ga dabarar muryar aljani wadda ba ta cin ko sisi, ana yinta da manhajar Audacity ta kyauta: a naɗi maganar da raɗa, a juya ta ta koma baya, a sa mata amsa-kuwwa, a sake juyo ta daidai. Sai amsa-kuwwar ta riga muryar zuwa, kamar maganar tana tsotsowa daga wani wuri. Wannan ya fi muryar da aka kaurara aka haɗa da dariyar "ha ha ha" nesa ba kusa ba.

A lura da lasifikar waya. Ba ta iya fitar da amo mai zurfi, abin da ke ƙasa da kamar 200 Hz kusan ɓacewa yake. Rugugin da ke girgiza kujera a sinima ba zai iso ba. Abin da ke isowa shi ne numfashi, raɗa, ƙarce a jikin ƙyaure, kiran suna daga nesa. A gwada kowane sin a waya mai araha kafin a ce an gama.

Ƙarkonta ya fi na kowa, tunda abin da ba a nuna ba ba ya tsufa. Haɗarinta biyu ne. Na farko, idan rubutun ba shi da nama, mai kallo zai ce an ɓata masa data babu abin da ya faru, ya fita tun minti na biyar. Na biyu ya shafi rai: kada a kunna garwashi ko janareto a rufaffen ɗaki don neman hayaƙi ko don a rage ƙara. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

A nan ne wurin maganar firgitar ba-zata, wato a yi shiru sannan a buga ƙara. Tsohuwar dabara ce, tun a Cat People na 1942, inda mace ke tafiya ita kaɗai da dare, sai motar bas ta tsaya da ƙarar birki. Tana aiki, amma zabura take sawa, kuma zabura ba ta bin mutum har gado. Uku ko huɗu sun isa fim mai tsawon awa ɗaya da rabi. Idan suka yi yawa, mai kallo yakan gane cewa duk inda kiɗa ya ɗauke to ga ta nan, sai ya rage murya ya jira.

Hanya ta biyu: kwalliya da jikin ɗan wasa

Akwai labarin da ba zai yiwu a ɓoye ba. Idan a kan shafar aljanu aka gina shi, dole a ga fuskar wadda aka shafa tana sauyawa. The Exorcist na 1973 shi ne zakaran gwajin dafi a nan: Dick Smith ya yi kwalliyar, aka sanyaya ɗakin ɗaukar da injuna har numfashin 'yan wasa yana fita kamar hayaƙi, wata 'yar wasa daban, Mercedes McCambridge, ta yi muryar shaiɗanin. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti, abin da ke nuna cewa ko a nan kwalliya ba ita kaɗai ta yi aikin ba.

Kuɗinta matsakaici ne, amma kullum ake biya. Kwalliyar fuska ɗaya tana cin awa biyu zuwa uku kowace ranar ɗauka, cirewa kuma kusan rabin awa. A ɗauki hoton fuskar ta gaba da ta gefe a ranar farko, domin tabon da ke kuncin dama jiya kada ya koma na hagu yau.

Ana yin ruɓaɓɓiyar fata da ruwan roba na kwalliya da takardar tishu: a shafa, a ɗora tishu falle ɗaya, a busar da na'urar busar da gashi, a maimaita sau uku ko huɗu, sannan a yaga inda ake son rauni a shafa launi. A gwada ruwan robar a cikin damtsen ɗan wasa kwana ɗaya kafin aiki, saboda wasu jikinsu ba ya ɗauka. Zafi shi ne babban abokin gaba. A watan Afrilu da ma'auni ke haura 40 a Kano da Zinder, gumi yana ɗaga gefen robar cikin ƙasa da awa ɗaya, kwalliyar da aka yi da jelatin kuma narkewa take yi. A tsara irin waɗannan sin ɗin da asuba, ko da dare, ko a bari sai hunturu.

Launi ma sai an yi hattara. Littattafai da bidiyoyin koyarwa galibi don farar fata aka yi su. Farar hoda a baƙar fuska ba ta nuna gawa, tana nuna wanda ya faɗa buhun fulawa, dariya za a yi. Abin da ke aiki shi ne ruwan toka kaɗan a goshi da ƙashin kunci, shuɗi mai duhu ko ruwan makuba a ƙarƙashin ido, leɓe kuma a busar da shi ya tsattsage. Jinin ƙarya ana haɗa shi da ruwan sukari mai kauri ko zuma, jar kalar abinci, ɗigon shuɗiya ɗaya, da ɗan garin koko don ya dusashe. A baƙar fata sai ya ɗan fi ja, kuma sai haske ya dake shi ta gefe kafin a ga sheƙinsa. Yana tara ƙuda da tururuwa, yana kuma kama farin yadi, don haka a tanadi riga iri ɗaya guda biyu ko uku.

Sai dai abin da ya fi kwalliya tasiri shi ne motsi. A fim ɗin Japan Ringu na 1998, an ɗauki 'yar wasan tana tafiya da baya tana karkarwa, aka juya hoton a wajen tacewa. Ta zama tana tahowa gaba amma gaɓoɓinta suna motsi ba irin na mutum ba, gashi kuma ya rufe fuskar baki ɗaya. Farar riga da dogon gashi ne kawai suturar fatalwar. Irin wannan yana hannun kowa: mace cikin dogon hijabi tsaye a gindin tsamiya ba ta motsi, ko a nuna ƙafa kawai ta leƙo ƙarƙashin zane sai a ga kofato, kamar yadda tatsuniyoyin aljanu suka saba kawowa.

Ƙarkonta yana da kyau idan an nuna kaɗan. Abin rufe fuska na roba da aka haska sosai kuwa saurin tsufa yake, kamar yadda duk wanda ya sake kallon fina-finan tsoro na Indiya na 'yan gidan Ramsay na shekarun 1980 zai shaida. Ƙa'ida mai amfani ita ce kada cikakkiyar fuskar dodo ta wuce daƙiƙa biyu a hoto ɗaya. Haɗarinta a jikin mutane yake. Gilashin ido mai launi da ake sakawa a cikin ido kada a yi aronsa tsakanin mutum biyu, kada a kwana da shi. Jan ɗan wasa da igiya ma ba wasa ba ne: a wajen ɗaukar The Exorcist ɗin nan Ellen Burstyn ta ji ciwo a baya da aka fizge ta da ƙarfi. A shimfiɗa katifa, a gwada a hankali sau da yawa.

Hanya ta uku: kwamfuta

Ita ce ta fi jan hankalin matasa, ita ce kuma ta fi kunyata su. Manhajar ba ita ce matsala ba, tunda Blender kyauta ce, DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta. Matsalar lokaci ce da ƙwarewa. Daƙiƙa ɗaya hoto 25 ce. Aljanin da zai tsaya daƙiƙa goma a bayan jaruma yana nufin hoto 250 da za a bi a yanke gefen mayafinta ɗaya bayan ɗaya. Kafin ido ya yarda, dole abin da aka zana ya dace da wurin ta fuska huɗu: inda haske yake fitowa, inuwar da yake yi a ƙasa, dusar hoton, da dishi-dishin motsi. Ɗaya ta kuskure, sai a ga abin yana shawagi a saman hoton kamar an manna shi. Jan ido mai walƙiya, wuta daga tafin hannu, mutum ya rikiɗe maciji cikin farin hayaƙi, waɗannan tun zamanin kaset na fina-finan Kudu ake yinsu, yara ma yanzu dariya suke yi musu.

Inda kwamfuta take da amfani ƙwarai shi ne wajen gogewa, ba wajen ƙarawa ba. A kafe kyamara a kan ƙafarta kada ta motsa. A ɗauki wurin babu kowa na daƙiƙa goma. Sannan a ɗauki sin ɗin, ana jan ƙofa ko kujera da zaren kamun kifi. A wajen tacewa a rufe zaren da wancan hoton na farko. Da wannan dabarar ake sa mutum ya ɓace bayan ginshiƙi, ko a ga inuwa a bango babu mai ita, ko hoton madubi ya makara da rabin daƙiƙa wajen juyawa. Aikin yini ɗaya ne ga edita matsakaici, kuma babu wanda zai ce kwamfuta ce.

Bidiyon da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa ya sauƙaƙa samun hoto mai ban mamaki, amma yana da wuya halittar ta riƙe kama ɗaya daga wannan hoto zuwa na gaba, kuma sheƙinsa ya bambanta da na kyamararka. Zai iya yin mafarki na daƙiƙa uku, ba zai ɗauki nauyin fim ba.

Ƙarkon wannan hanya shi ne mafi rauni. Haɗarinta kuma na aljihu ne: ana gama ɗauka da alkawarin "za a gyara a kwamfuta", sai fim ya kwanta watanni a hannun mutum ɗaya.

Hanya ta huɗu: kamar an tsinci bidiyon

A nan kyamarar tana cikin labarin. The Blair Witch Project na 1999 an ɗauke shi cikin kwana takwas da kusan dala 60,000, ya tara kusan dala miliyan 250, ba a kuma nuna mayyar ko sau ɗaya ba. Paranormal Activity kuwa Oren Peli ya yi shi a gidansa da dala 15,000, ya tara sama da miliyan 190 bayan an sake shi a 2009. Waɗannan alƙaluma su ke ruɗar mutane, a manta da ɗaruruwan da suka kwaikwaya babu wanda ya san sunansu.

Ita ce mafi araha, kuma ita ce ta fi dacewa da allon waya, tunda raunin hoton ya zama hujja. Amma sauƙinta na yaudara ne. Babu kiɗa, babu yanka mai kyau da zai rufa wa ɗan wasa asiri. Idan ya yi magana kamar yana karanta takarda, komai ya rushe. Dole kuma a amsa tambayar da kowa zai yi: me ya sa bai jefar da wayar ya gudu ba? Amsoshin da ke tsayawa su ne fitilar wayar ce kaɗai hasken da yake da shi, ko kyamarar tsaro ce a kafe a kusurwar shago, ko kiran bidiyo ne da ɗan'uwa da ke wata ƙasa. Kafaffiyar kyamara ta fi mai girgiza, saboda girgiza tana sa jiri, ita kuwa kafaffiya tana sa mai kallo ya riƙa lalube kowace kusurwa da idonsa.

Haɗarinta a wurinmu ya fi na Amurka. Za a iya yanko minti ɗaya a watsa a WhatsApp a ce gaske ne, a ambaci unguwa, a nuna gidan mutane. A sa tambarin fim ɗin a kusurwar hoto daga farko har ƙarshe, kada a yi amfani da sunan gari ko makaranta na gaskiya.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Ƙarko | A waya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Duhu da sauti | Kaɗan, amma tana cin lokaci | Sai da rubutu da edita nagari | Mafi daɗewa | Da kyau idan an haska daidai | Gundura, hayaƙi a rufaffen ɗaki |
| Kwalliya da motsi | Matsakaici, kullum | Sai da ƙwararren mai kwalliya | Da kyau idan an nuna kaɗan | Da kyau sosai | Rauni, zafi, dariya |
| Kwamfuta | Mafi tsada idan ana so ta yi kyau | Mafi wuya | Saurin tsufa | Tana ɓoye wasu kurakurai | Fim ya maƙale a tacewa |
| Tsintaccen bidiyo | Mafi araha | Sai da 'yan wasa masu gaskiya | Matsakaici | Mafi dacewa | A yaɗa shi a matsayin gaskiya |

Abin da ke kashe fim ɗin ko da wace hanya aka bi

Fatalwar fina-finan Amurka, wato mamacin da ya dawo yana neman a binne ƙashinsa, ba ta kama Musulmin mai kallo sosai, domin bai yarda matattu suna dawowa yawo ba. Aljani kuwa ya yarda da shi, akwai sura guda da sunansa, ya kuma san addu'ar shiga bayan gida tun yana ƙarami. Wannan gata ne babba ga mai yin fim, tunda ba sai ya ɓata rabin awa yana shawo kan mutane ba. Turkawa sun gane haka, jerin fina-finan Dabbe daga 2006 da Siccin daga 2014 duk a kan aljanu da sihiri aka gina su.

Amma gatan yana zuwa da ƙulli. Mai kallo ya san maganin. Idan malam ya shigo ya yi ruƙiyya aljani ya fita cikin minti biyu, to babu abin jira tun farko. Idan kuma aka nuna karatun bai yi tasiri ba, jama'a ba za su lamunta ba, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ma da wuya ta bari ya wuce. Mafita ita ce a mayar da matsalar kan mutane. Wani a gidan ya san dalilin abin, shi ya je wurin boka, kuma ya gwammace 'yarsa ta wahala da asirinsa ya tonu. Ko kuma mai maganin shi kansa zuciyarsa ba ta natsu ba, kamar a fim ɗin Malesiya Munafik na 2016, inda malamin ruƙiyyar ke fama da rashin matarsa. A Under the Shadow na 2016, wanda labarinsa ya faru a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, aljanin yakan fito kamar mayafi mai shawagi, amma ainihin tsoron shi ne uwa da 'yarta sun fara zargin juna. Tambayar da ke riƙe mai kallo sai ta tashi daga "aljanin zai fita?" ta koma "wa zai fara faɗin gaskiya?"

Maita kuma sai an yi taka-tsantsan na musamman. Zargin maita ya sha jawo dukan mutane har da kisa, galibi tsofaffin mata marasa gata. Fim ɗin da ya nuna cewa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi ita ce mayyar, bayan rashin sabon abu a ciki, yana ƙara wa wannan wuta fetur. Haka nan kiɗan garaya da goge: suna da alaƙa da bori, saka su yana ɗauke da ma'anar da ya kamata darakta ya san ya nufa.

Wace ce taka?

Idan gajeren fim za ka yi don YouTube, kai da abokai huɗu ko biyar, ɗauki hanya ta farko: ɗaki ɗaya, ƙa'ida ɗaya, minti biyar zuwa goma, kuɗinka ya tafi kan makirfo da fitila. Idan waya ce kawai a hannunka amma kana da 'yan wasan da za su iya magana kamar ba a ɗauka, tsintaccen bidiyo ya fi maka, da kafaffiyar kyamara.

Mai shiri mai dogon zango, wanda sai ya fitar da kashi kowane mako, ya dogara da motsi da sutura, ya ajiye cikakkiyar kwalliya don kashi biyu ko uku masu muhimmanci, domin awa uku a kujerar kwalliya kullum za ta karya jadawali. Labarin shafar aljanu yana buƙatar hanya ta biyu, a raba sauyawar fuskar mataki huɗu daga ramar ido zuwa tsagewar fata, a haɗa da muryar da aka yi wa aiki.

Wanda ke nufin sinima ko gasar fina-finai ya gina a kan duhu da sauti, ya biya ƙwararren mai haɗa sauti tun farko, ya yi amfani da kwamfuta wajen goge zare da ɓatar da mutum kawai. Cikakkiyar halittar kwamfuta sai ga wanda ya riga ya sami mai zanen, ya ga aikinsa na baya, ya kuma sa shi ya gwada daƙiƙa biyar a ainihin lokeshan ɗin kafin a fara ɗaukar fim.